Handel ya ari labarin Yahudawa, Rossi ya rera nasa

Wanda ya taso a Kano ko Zinder ba sai an ba shi labarin Annabi Musa da Fir'auna ba, tun a makarantar allo muka san shi. Shi ya sa da na zauna a Landan na fara sauraron oratoriyo, wato labari mai tsawo da taron mawaƙa ke rerawa ba tare da wasan kwaikwayo ba, ban ji baƙunta ba. A Israel in Egypt na 1739, oratoriyon Handel, mai tsara kiɗa ɗan asalin Jamus da ya zauna a Ingila, goge yana tsalle-tsalle a wurin annobar kwaɗi, sannan ya koma zuga idan ƙudaje suka zo. Gwanin gwani ne, ba na musu.

Amma wa ake yabo? Judas Maccabaeus, wani oratoriyon Handel da aka fara a 1747, labarin jarumin Yahudawa ne, sai dai an sadaukar da shi ga Duke na Cumberland, wanda ya murƙushe 'yan tawayen Jacobite, masu neman mayar da gidan Stuart kan sarauta, a Culloden ta Scotland a 1746. Turawan Ingila sun ɗauki kansu su ne Bani Isra'ila. Aikin makaɗin fada ke nan a wurinmu: ya ambaci mazan jiya, amma sarkin da ke zaune yake wa kirari.

Ni kam zuciyata ta fi karkata ga Salamone Rossi, Bayahuden Mantuwa a Italiya. Yana kiɗa a fadar gidan Gonzaga, masu mulkin Mantuwa, kuma sai da aka yi masa alfarma a 1606 kafin ya daina ɗaura alamar da aka tilasta wa Yahudawa. Wajen 1623 aka buga waƙoƙinsa 33 na Ibrananci a birnin Banis (Venice), zabura da addu'o'in majami'arsu, cikin salon muryoyi daban-daban irin na zamanin. Ka duba wahalar: rubutun kiɗa daga hagu yake tafiya, Ibrananci daga dama kamar ajami, dole aka jera kalmomin ɗaya-ɗaya ƙarƙashin alamomin sauti. Cikin mutanensa ma akwai masu ganin bidi'a ce, har malamin Yahudawa Leon Modena ya kare shi a rubuce.

Handel yana cika zaure kowace shekara a garin nan, Rossi kuwa sai ka nema. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, don shi addu'ar da shi da danginsa ke yi ranar Asabar ya sa wa sauti.