Kamfanin kargo a Jidda: masu sito da masu ofis, wa ke riƙe da wa?

A kamfanonin kargo da 'yan uwanmu ke aiki a Jidda da Makka, masu tura kayan alhazai da 'yan kasuwa zuwa Kano da Yamai, akwai jiƙaƙƙiyar da ba a cika faɗa a fili ba. Masu awo da masu ɗaure kwali da direbobi gani suke su ne kamfanin, na ofis kuwa sanyin na'ura suka zo sha. Maigida ma in ciniki ya ja baya, akawu da mu'aƙƙib, mai bin takardun kamfani a ma'aikatun gwamnati, yake fara tunanin sallama. A ganina gatari yake sara wa kansa.

Ba musu, ta hannun masu sito kuɗi ke shigowa. Sai dai a Saudiyyar yau takarda ce ke ba mutum damar motsi. Direban da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare ba zai hau hanya ba, ita kuma ba ta sabuntuwa sai an biya kuɗin lasisin aiki, inshorar lafiya ma tana da rai. Kwangilar ma'aikaci tana kan Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, albashinsa ana bibiyarsa a Mudad, shafin sa ido kan biyan albashi, in jinkirin biya ya yawaita a rufe wa kamfani hidimominsa. Tun 4 ga Disamba 2021 kuma hukumar haraji ta ZATCA ta wajabta wa masu rajistar harajin VAT fitar da fatura, wato takardar ciniki, ta kwamfuta. Duk wannan aikin ofis ne, ba a kuma ganinsa sai ranar da ya tsaya.

Amma asarar da ta fi yawa ba a sito take ba, ba kuma a ofis ba. Tana wajen miƙa aiki. Ɗauki kwalin barguna mai tsawon santimita 60, faɗi 50, tsayi 50. Sikeli ya ce kilo 12, mai awo ya karɓi kuɗin kilo 12. Jirgin sama kuwa girman kwali yake dubawa: a ninka ukun, a raba da 6,000, ya ba da kilo 25. Wa zai biya sauran 13? Giɓin sai ƙarshen wata zai fito a littafin akawu, shi kuma a tsarge shi. Haka mai rubuta “kayan gida” a kan kwalin da ke da turare ko batirin cajin waya, alhali jirgi na lissafa su cikin kaya masu haɗari. A filin jirgi za a sauke, na mutane da yawa su makale saboda kwali ɗaya.

Na ofis ma ba tsarkaka ba ne. Suna tsara fom ba su taɓa tsayawa gaban sikeli ranar da alhazai ke haramar komawa gida ba. Wani ya sa lodi ƙarfe ɗaya na rana a watan Yuli, ya manta an hana aiki cikin rana daga sha biyu zuwa uku, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba.

Gyaran ba tsada. A ajiye ma'aunin tsawo kusa da sikeli, kada kwali ya shiga sito sai an rubuta girmansa da ainihin abin da ke ciki. Mu'aƙƙib ya liƙa jerin ranakun ƙarewar iƙama da istimara, wato takardar rajistar motoci, inda shugaban direbobi zai gani, wata biyu kafin lokaci. In za a auna ƙwazon ofis, a ƙirga kwanakin da mota ko kaya suka kwana saboda takarda, akawu kuma ya riƙa wuni a sito lokacin Hajji da Umrar azumi.