Kafin a ɗaura maki aure da sojan ruwa, zo mu zauna

Jiya da la'asar muna gidan Gwaggo a Ƙofar Marusa wajen karɓar lefen ɗiyar yayata, sai ga hoton angon yana ta yawo hannu zuwa hannu, yaro masha Allah cikin farin kaki fes da hularshi, mata sai guɗa suke ana cewa wannan yarinya ta taki sa'a, ma'aikacin tarayya, albashi ba fashi. Ni dai na yi shiru ina kallonta, shekarunta 19, tana ta murmushi tana sunne kai. Wallahi sai na ji ƙirjina ya yi mani nauyi, don nima haka aka yi mani guɗar nan shekara 12 da suka wuce, kuma duk cikin masu guɗar ba wadda ta ja ni gefe ta faɗa mani abin da ke gabana, ba don mugunta ba, su ma ba su sani ba.

Kada wani ya fassara ni. Ban yi nadamar auren mijina ba, ko yau aka maido ni baya shi zan zaɓa. Abin da nake cewa shi ne a daina kai yara mata cikin irin wannan aure ido rufe. A faɗa ma yarinya gaskiya, in ta ji ta ce ta ɗauka to Allah ya sanya alheri.

Tun daga farko ma, ga wadda saurayinta ke shirin cike fom, ki sani ƙa'idar ɗaukar kurata ta sojan ruwa ta ce kada mutum ya kasance yana da aure ko yana da ɗa, kuma mai takardar sakandare shekara 18 zuwa 22 ake nema. Ke nan ke alkawari kawai za ki riƙe, shi kuma ya tafi makarantar horo da ke Onne a jihar Ribas ya yi wajen wata shida, wayar ma ba kullum za ki same shi ba. In ya fito kuma ba wai washegari za a shafa fatiha ba, sai ya nemi izinin manyanshi a wurin aiki. Na san masu cewa a ɗaura a ɓoye kawai ai ba wanda zai sani. Dan Allah iyaye ku ƙi yarda da wannan, matar da ba ta cikin takardun aikin miji, a wurin hukumar kamar babu ita ne, ranar da abu ya faru ita za ta kwana ciki. Sannan fom ɗin nan kyauta ne, duk wanda ya ce a saida gona ko saniya a ba shi zai saka yaro, ɗan damfara ne.

Mu nan Katsina mi muka sani na ruwa, in ba dam ɗin Zobe da na Jibiya da Sabke ba? Shi ya sa mutanenmu suke ɗauka soja duk soja ne. Sojan ƙasa in Allah ya so ana iya kawo shi nan barikin Natsinta ko Daura, ya riƙa cin tuwon gidansu. Sojan ruwa gidanshi kudu ne. Manyan rundunoninsu uku, ta yamma tana Apapa a Legas, ta gabas tana Kalaba, ta tsakiya tana Yenagoa a Bayelsa, ga kuma Warri da Fatakwal da Oghara. A arewa abin da ke akwai kaɗan ne, Lakwaja, da sansanin Baga a bakin tafkin Chadi, da kwalejinsu da ke Dawakin Tofa a Kano, kuma ba kowa ke dacewa da nan ɗin ba, Bagar ma ai ba wurin kai iyali ba ne. Daga Katsina zuwa Legas sama da kilomita 1,000 ne, ki hau mota yau da hantsi sai gobe ki sauka ƙafa a kumbure. Kuma ba shi ke zaɓen inda zai zauna ba, sigina ce kawai za ta fito, su diraf suke ce mashi, ku kwana a Legas ku tashi da labarin Kalaba, yara suna tsakiyar zangon karatu.

To a nan ne ake tsayawa a yi zaɓi, ki bi shi ko ki zauna gida, kuma ni duka biyun na ɗanɗana. Shekarar farko na bi shi Legas. Ba mu samu ɗaki a bariki ba don layi ne, sai muka kama ɗaki ɗaya a waje kusa da Navy Town a Ojo. Ruwan sama ba dare ba rana, atamfofin lefena da ke cikin akwati suka yi fumfuna saboda danshi, ni da na saba in shanya kaya su bushe kafin azahar. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa sai Inna ta aiko a motar haya, ko in je Alaba Rago in da 'yan arewa suke in ji Hausa in ji sanyi a raina. Da aka maida mu Kalaba kuma Bogobiri ce ta zame mani gida. Amma babban abin da ya girgiza ni ba abinci ba ne. Ni 'yar gidan kulle ce, a gidanmu Baba ke cefane, ban taɓa shiga banki ni kaɗai ba, ban san yadda ake yankar kati a asibiti ba. Sati uku da tarewa jirginsu ya tashi. Ranar na gane cewa kasuwa ni ce, asibiti ni ce, kuɗin wuta ni ce, gas ya ƙare ni ce, kuma da turancin buroka za a yi duk wannan. Saboda haka uwar da ta san ɗiyarta sojan ruwa za ta aura, ki koya mata fita da mutunci, ki koya mata riƙe kuɗi da lissafi, ki bari ta ƙare karatunta ko ta koyi sana'ar hannu da za ta iya ɗauka duk garin da aka jefa su. Wannan ya fi mata saitin gado da kabet amfani, kayan ɗakin ma rabi a hanya suke karyewa wajen ƙaura.

Kuma zan faɗi wannan don hakki ne. Matan da suka riƙe ni a bariki yawancinsu ba yarenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba. Daren da ɗana na fari ya shiɗe da zazzaɓi ƙarfe biyu na dare babanshi yana teku, wata maƙwabciyata 'yar Ijaw ce ta ɗaura zani ta goya shi muka ruga asibiti, ta kwana zaune tare da ni. Har gobe ina yi mata fatan alheri. Sai dai ki sani a bariki mace da muƙamin mijinta take yawo, matan hafsoshi da ƙungiyarsu NOWA, matan ƙananan ma'aikata da tasu NARAWA, in kika yi faɗa da matar oga a bakin famfo mijinki ne zai amsa tambaya a ofis.

Zaman gida kuma, wanda mutane ke ganin shi ne sauƙi, ni ya fi ci mani rai. Na dawo wankan jego na biyu na yi kusan shekara biyu a gidan surukai. Matar da mijinta ba ya gari idon kowa a kanta yake, in kin yi kwalliya a ce wa take yi mawa, in ba ki yi ba a ce tana ɓata ma ɗansu suna kamar ba ya ciyar da ita. Albashin da ake ta yi ma guɗa kuwa, kafin ya iso hannunki ya bi ta kuɗin makarantar ƙanne da maganin tsohuwa da takin gona, kuma ba laifi ba ne ɗa ya yi ma iyayenshi, amma a zauna a tsaida magana tun kafin aure, nawa ne na gida nawa ne na iyali, a ina za ta zauna, wa ke da ikon ba ta izinin fita in waya ba ta shiga. Wannan na ƙarshen kada ku raina shi, na ga auren da ya mutu a kan zuwa asibiti ba izini alhali mijin yana inda ba a iya samunshi.

Shirun nan shi ne abin da ba a iya kwatanta ma wanda bai taɓa ba. Da jirgi ya yi nisa da gaɓa netwok ya ɗauke, shi ke nan, kwana goma, sati uku, wani lokacin fiye. Ba zai faɗa maki ina za su ba, ba zai faɗa maki yaushe za su dawo ba, ba ɓoye-ɓoye ba ne, dokar aiki ce, wani sa'in shi ma bai sani ba. Kema in kin ji wani abu ki kama bakinki, ba a sa hoton jirgi ko ranar tafiya a status. Kuma aikin ba yawon shan iska ba ne. A 2022 rundunar ta ƙaddamar da wani samame a kan ɓarayin ɗanyen mai, sunan ma da Hausa aka sa mashi, Dakatar da Ɓarawo, cikin surƙuƙin ruwayen Neja Delta suke bin mutanen da su ma da bindigogi a hannunsu. A shekarar ne kuma aka cire Najeriya daga jerin ƙasashen da fashin teku ya addaba, aka yi ta yabo a labarai. Ni da na ji yabon, matan da muke tashi sallar dare a lokaci ɗaya, kowa da wayarta a gefen darduma, su na tuna.

Dawowar ma da nata. Kina ɗokin mutum, sai ya shigo a gajiye yana warin man jirgi, ya yi kwana biyu yana barci. Yaro ya gan shi ya ɓuya bayan zaninki. Ke kin saba yanke hukunci ke kaɗai wata da watanni, shi kuma ya saba ba da oda da karɓar oda, sai a yi ta karo a kan ƙananan abubuwa. Waɗanda suka dawo daga fagen daga kuwa wani za ki ga ba ya barci, ƙarar rufe ƙofa ta firgita shi, ya riƙa faɗa ba dalili. A yi addu'a, a yi tofi, amma a kai shi asibiti ya ga likita, ba abin kunya ba ne.

Ku kuma maza, malamai suna kawo labarin Sayyidina Umar da ya ji wata mata cikin dare tana kukan kewar mijinta da ke wurin yaƙi, ya je ya tambayi ɗiyarshi Nana Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya haƙuri, daga nan ya iyakance ma mayaƙa watannin da za su yi ba su leƙo gida ba. Shugaban muminai guda ya ɗauki kewar mace a matsayin abin da hukuma za ta duba. Kai kuma ka samu fas na sati biyu, kwana goma sun tafi a majalisa da gaishe-gaishe da ɗaurin auren abokai. Haba malam. In netwok ya dawo ita ce ta fara jin muryarka, ko minti ɗaya ne.

Sai maganar da ba a so a yi a gidan biki, amma dole a yi ta. Yaro yana shiga aiki ba shi da aure, saboda haka a gurbin magaji, abin da suke ce ma nes of kin, sunan babanshi ko wanshi yake sawa, kuma da yawa har su haifi 'ya'ya huɗu ba su koma sun gyara ba. Ina da maƙwabciya da mijinta ya rasu a bakin aiki, tana cikin takaba da yara uku, duk takardu sunan wan mijin ne, ita ko lambar aikin marigayin ba ta sani ba, ga shi ɗakin bariki ba na gado ba ne, lokaci na yi za a nemi ki tashi. Yadda ta ƙare da dangin mijin ba zan rubuta ba. Ya kamata dangi su sani, wanda aka rubuta sunanshi wakili ne na karɓa, ba shi ne mai dukiyar ba, rabon gado yana nan yadda Allah ya tsara, mata da tumuninta in akwai 'ya'ya, marayu da kasonsu. Ita kuma matar ta tabbata an shigar da aurenta a rubuce, an sa ta da yara a inshorar lafiya, wadda ke ɗaukar mata da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, ta haddace lambar aikinshi, ta san sunan jirginshi ko sansaninshi, ta riƙe lambar abokin aikinshi ko mutum ɗaya. Tambayar wannan ba fatan mutuwa ba ne, kuma namijin da ke son matarshi shi zai fara kawo maganar.

Alheri kam akwai shi. Albashi na zuwa, yarana sun yi makarantar da ni ban yi ba, suna jin yare uku, na ga teku da idona, na san ƙasata fiye da yadda na taɓa zato. Kuma aikin nan namu ne kamar na kowa, rundunar tun 1956 take, Murtala Nyako ɗan Adamawa ya shugabance ta, Awwal Zubairu Gambo ɗan Kano ya riƙe ta daga 2021 zuwa 2023. Ina alfahari da farin kakin nan, ni ce mai wanke shi da goge shi.

Da aka watse jiya bayan magariba na ja yarinyar zuwa ɗakin Gwaggo na rufe ƙofa. Na ce ɗiyata, mi ye lambar aikinshi? Ta ce Anti ban sani ba. Sunan jirginsu fa? Ta girgiza kai. Na ce kira shi yanzu ki tambaya. Ta kira sau uku wayar a kashe, na ga fuskarta ta canza, idonta ya kawo ruwa. Na kama hannunta na ce zauna, lafiya lau yake in sha Allahu, aiki ne. Muka zauna nan na faɗa mata duk abin da na rubuta a sama har da wanda ban rubuta ba, uwarta tana bakin gado tana ji. Sai yau da safe wajen ƙarfe tara ta kira ni, ta ce ya bugo, ya ba ta lambar, ta rubuta a bangon littafinta na Islamiyya, kuma ya ce da an ɗaura zai kai takardun a sa sunanta.