Laka ce ta kashe Afisa, ku daina mana tatsuniya

Wai har yanzu ana ta tura bidiyon nan da ke cewa birnin Afisa na Girkawa, can gaɓar yammacin Turkiyya, a dare ɗaya girgizar ƙasa ta shafe shi. An sa kiɗan tausayi, jama'a sai sharhin "Allahu Akbar" suke zubawa. Sannunku, malaman tarihin TikTok!

Laka ce ta kashe Afisa. Mafi yawan arzikin garin a tashar jiragen ruwansa yake, kuma kogin da Turkawa ke kira Küçük Menderes a nan yake zubar da ruwansa. An sare dazukan da ke saman kogin, an nome gangaren duwatsu, duk damina ruwa ya kwaso ƙasa ya jibge a bakin teku. A hankali tashar ta yi ta cikewa.

Kuma ba zama suka yi suna kallo ba. Sarki Attalus na biyu na Pergamon, masarautar da Afisa ke ƙarƙashinta a lokacin, wanda ya yi mulki daga 159 zuwa 138 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sa aka gina katanga aka matse bakin tashar, a tunaninsa ruwan zai ƙara zurfi manyan jirage su shigo. Ashe gyaran gangar auzinawa ne. Da, igiyar teku ce ke shiga ta wanke lakar ta fita da ita. Da aka matse ƙofar sai lakar ta samu wurin kwanciya, kamar kwalbatin da aka rage wa baki. Zamanin Nero, sarkin Rumawa, aka yashe tashar. Hadiriyan, shi ma sarkin Rumawa, ya karkatar da kogin. Wajen shekara ta 147 bayan haihuwar Annabi Isa (AS) gwamnan Rumawa ya kafa doka, ya hana jibge katako da yankan dutse a bakin tashar, saboda garin dutsen na toshe ta. Wannan duk aikin masu gudun girgizar ƙasa ne?

Na san za a ce ai Gotawa, wasu mayaƙa daga arewa, sun kai hari wajen 262, sun ƙona haikalin gunkiya Artemis, kuma ƙasa ta sha girgiza a wurin. To sai me? A 431 birnin yana nan da ƙarfinsa, har ya karɓi babban taron limaman Kirista. Gini in ya rushe ana sake tada shi muddin jirgi na shigowa da kaya. Da jirage suka daina, tashar ta zama fadama, sauro da zazzaɓi suka ƙarasa aikin, mutane suka tattara suka koma tudun da garin Selçuk yake a yau.

Abin tausayi ne wallahi. Daga dandalin wasannin da ke ɗaukar mutum kusan 25,000, akwai titi shimfiɗe da farin dutse, tsawonsa ya haura mita 500, har da kwatamin ruwa a ƙarƙashinsa. Tasha yake zuwa. Yanzu a cikin ciyayin fadama yake ƙarewa, teku ta yi nisan sama da kilomita 5.

Shi kuma ɗakin karatun Celsus da aka nuna a bidiyon wai "ya tsira", tarkacensa aka tsinto, masana suka sake harhaɗa fuskarsa tsakanin 1970 da 1978.

Af, ku masu cewa kogon Ashabul Kahfi na nan gefen Afisa tabbas, ku sassauta. Mutanen Tarsus da na Afşin ma sun ce nasu ne, haka na Jodan kusa da Amman, kowa da kogonsa da masu ziyararsa.