An soke dokar Texas da sunan ɗalibin wata jiha, shi me ya samu?

Tun ranar 4 ga Yunin 2025 abin da aka yi a Texas yake ci mini tuwo a ƙwarya, kuma duk ƙarar da aka sake shigarwa a wata jiha sai ya dawo mini sabo. Kwana biyu kafin ranar, majalisar dokokin jihar ta rufe zamanta ba tare da ta soke dokar 2001 ba, wadda ta ba ɗaliban da suka tashi a jihar ba su da takardun zama a Amurka damar biyan kuɗin jami'a na ɗan jiha, duk da cewa ƙudirin sokewar yana gabanta. Sai Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Wichita Falls, a Texas. Antoni Janar na jihar, Ken Paxton, wanda aikinsa ne ya kare dokar jiharsa, ya ce shi ma bakinsa ɗaya da mai ƙara. Alƙali Reed O'Connor ya sa hannu kafin a kwana. Dokar da ta shekara 24, wadda gwamna Rick Perry na jam'iyyar Republican ya rattaba wa hannu, ta faɗi a yini guda, ba a saurari ɗalibi ko ɗaya ba.

Hujjar da aka kafa kowa ya ji ta. An ce rashin adalci ne yaron da ba shi da takardun zama ya biya kuɗin makaranta na ɗan jiha, alhali ɗan Amurka da ya fito daga wata jiha yana biyan na baƙo, aka jingina maganar da wata dokar tarayya ta 1996. Da wannan hujja aka bi Kentucky da Minnesota da Oklahoma da Illinois. Ita Florida ba ta jira ƙara ba, majalisarta ce ta soke tata tun a Fabrairun shekarar.

Tambayata ɗaya ce ga masu wannan hujja. Ɗalibin nan ɗan Amurka da kuka yi ƙara da sunansa, wanda ya taso daga Ohio zai yi digiri na biyu a jami'o'in Texas da ke College Station ko Lubbock, nawa aka rage masa? Ko sisi. Takardar kuɗinsa ta ranar 5 ga Yuni ita ce ta ranar 3 ga Yuni. Abin da kawai ya canza shi ne an ninka wa wani nasa. Wannan fakewa da guzuma ne a harbi karsana, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne guzumar tana da nata ciwon na gaske wanda babu wanda ya waiwaya ya duba.

Na ga ciwon da idona, shi ya sa nake magana. 'Yar ƙanwata a Bronx da ke New York aka haife ta, 'yar ƙasa ce cikakkiya. Ta samu gurbin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a wata jami'ar gwamnatin jiha, a irin ƙananan garuruwan nan na tsakiyar Amurka da jami'a ce ransu: in ɗalibai sun tafi hutu sai ka ga shaguna a rufe, motar haya tana yawo babu fasinja. An faɗa mata tun farko cewa shekarar farko kuɗin baƙo za ta biya, amma in ta cika wata 12 tana iya neman a mayar da ita 'yar jiha. Ta ɗauki maganar da gaske. Cikin makonnin farko ta canza lasisin tuƙi, ta yi rajistar zaɓe, ta buɗe asusu a bankin garin, ta kama haya da sunanta, ta samu aikin dare a gidan kula da tsofaffi. Lokacin da na je dubo ta, ta jawo wata shuɗiyar jakar fayil daga ƙarƙashin gado ta zazzage a kan teburin cin abinci: takardar haya, rasit ɗin wuta na kowane wata a jere, takardun albashi, kwafin takardar harajin jiha, har da katin ɗakin karatu na garin. Ta ɗaure kowane kashi da robar gashi mai launi dabam.

Aka ƙi ta. Dalilan da aka rubuto mata su ne cewa ta shafe kusan wata biyu a New York lokacin hutu, wanda kuwa aikin da aka yi wa mahaifinta ne ya riƙe ta, da cewa motar da take hawa har yanzu sunansa ne a kai, da kuma babban dalilin: karatu ne ya kawo ta garin. Da ta kira ni muryarta na rawa. "Kawu, sun ce ban nuna niyyar zama ba. To ƙirjina zan tsaga in nuna musu?" Na ce, "Yi haƙuri, 'yata, ki ɗaukaka ƙara." Na faɗa ne don in kwantar mata da hankali, amma na san tambayarta ita ce maganar gaba ɗaya.

Kalmar niyya ita ce tarkon. Wata 12 abu ne da ake ƙirgawa, ba gardama a ciki, kuma tun 1971 Kotun Ƙoli ta bar wa jihohi wannan sharaɗi a shari'ar Jami'ar Minnesota. Amma kusan kowace jiha tana ƙara cewa sai ka tabbatar ba karatu kaɗai ya kawo ka ba. Ta yaya wanda ya zo garin da babu abin da ake yi a cikinsa sai karatu zai tabbatar da haka? A jihar Washington, da zarar darussan da ka ɗauka a zango sun wuce awa shida, doka ta ɗauka karatu ne ya kawo ka, ya rage naka ka wanke kanka. A Texas ana neman aikin da ake biyanka, ko gida da ka mallaka, ko kasuwanci, ko aure da ɗan jiha, sannan a ce koyarwa ko binciken da jami'a ta ɗauke ka saboda kai ɗalibinta ne ba ya shiga lissafi. Wato wanda ya tsaya gaban aji yana koyar da 'ya'yan Texas, yana duba takardun jarrabawarsu har tsakar dare, ba a ɗauke shi ma'aikaci ba. Wanda iyayensa suka saya masa gida kuwa ya samu hanya. Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor ta yi suna wajen tsauri a wannan fanni, mutum na iya gama digirinsa a can yana baƙo kamar ranar da ya sauka.

Su kuwa sauran hukumomi ba sa shakkar inda wannan ɗalibi yake zaune. Masu ƙidayar jama'a a garin jami'ar suke rubuta shi, kuma da wannan adadin ake yanka mazaɓu a raba kuɗin tarayya. Masu zaɓe ba su da ikon sa shi jiran shekara, Kotun Ƙoli ta rushe irin wannan jira a shari'ar Tennessee tun 1972, kuma a 1979 ta tabbatar wa ɗaliban Prairie View, a Texas ɗin dai, haƙƙinsu na jefa ƙuri'a a inda suke karatu. Masu haraji kuwa ba su taɓa tambayar kowa niyyarsa ba. Ga ƙidaya ɗan gari ne, ga akwatin zaɓe ɗan gari ne, ga haraji ɗan gari ne, sai ya isa tagar biyan kuɗin makaranta ya zama baƙo. Ban ga yadda mai gaskiya zai kare wannan ba.

Za a ce ai iyayen ɗan jiha sun daɗe suna biyan harajin da ya gina jami'ar. Wannan magana ce da za a saurara in ana batun yaro ɗan shekara 18 da har yanzu yake ci daga aljihun uba, ba baligin da ya kusa talatin, mai ciyar da kansa, wani ma da mata da 'ya'ya a makarantar garin ba. Kuma in haraji ne ma'auni, Texas ba ta karɓar harajin albashi. Kuɗinta da na ƙananan hukumominta galibi daga harajin saye da sayarwa da na gidaje yake fitowa, wanda duk mai sayen takalmi da mai biyan haya yake biya, da takardu ko babu. Yaran da aka kora daga farashin ɗan jiha sun biya shi shekara da shekaru. Sharaɗin da dokar 2001 ta gindaya musu ma ya fi na kowa nauyi: zaman shekara uku a jihar kafin gama sakandare a cikinta, da rantsuwa a rubuce cewa za su nemi izinin zama na dindindin da zarar hanya ta buɗe.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce baƙon ɗalibi saniyar tatsa ne. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, matsakaicin kuɗin digirin farko a jami'o'in gwamnati ya kai kimanin dala 11,600 ga ɗan jiha, ga baƙo kuwa kimanin 30,800. Tun bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, da jihohi suka zaftare abin da suke ba jami'o'i, da wannan rata aka riƙa toshe giɓi. Jami'ar Alabama a Tuscaloosa ta kai fiye da rabin ɗalibanta na digirin farko 'yan wasu jihohi ne. A Kalifoniya sai da mai binciken kuɗi na jiha ya yi tir da abin a 2016 kafin a sa iyaka ga yawan baƙin ɗalibai shekara guda bayan haka. Ofishin da ke yanke hukunci kan niyyarka na jami'ar da za ta yi asarar dubban daloli ne in ya yarda da kai. Shi ne mai karɓar kuɗi, shi ne alƙali, wajensa kuma ake ɗaukaka ƙara.

Ba yau aka fara kai ruwa rana a kan wannan ba. A 1973 Kotun Ƙoli ta rushe dokar Connecticut da ta ce duk wanda ya nemi gurbi daga wata jiha baƙo ne har ya gama. Ɗaya daga cikin masu ƙarar ɗalibar digiri na biyu ce da ta taso daga Ohio, ta canza lasisinta, ta yi wa motarta rajista, ta yi rajistar zaɓe, kusan abin da 'yar ƙanwata ta yi bayan shekara hamsin. Kotu ta ce dole a ba mutum damar ya kawo hujjarsa. Jihohi suka bi umarnin a takarda. Suka buɗe ƙofa, suka tara duwatsu a bakinta.

Namu yaran da ke zuwa daga gida da bizar karatu ba su ma cikin wannan jarrabawa. Sharaɗin bizar shi ne kana da gida a ƙasarku da ba ka da nufin bari, saboda haka doka ba ta yarda ka yi niyyar zama ba ko da ka shekara shida kana digiri na uku. A jami'o'in Kalifoniya ƙarin da ake ɗora wa baƙon ɗalibin babban digiri dala 15,102 ne a shekara. Ɗan Amurka yana tsira daga shi bayan kwana 366, ɗan ƙasar waje kuwa sai ya tsallake jarrabawar shiga matakin rubuta kundi sannan a ɗage masa na shekara uku. Sau da yawa sashe ko farfesan da ke kula da shi ne ke biya, wato ɗaukarsa ya fi tsada tun kafin a buɗe takardunsa. Texas ta fi sauƙi a nan, tana ba mai koyarwa ko bincike na rabin lokaci farashin ɗan jiha, haka ma wanda ya ci tallafin gasa na dala 1,000. Amma rangwamen aikin yake bi. Ranar da kuɗin binciken farfesa ya ƙare, ranar ka koma baƙo.

Duk da wannan, akwai abin da na daɗe ina yaba wa tsarin Amurka, kuma shi ne abin da nake jin tsoron za a rasa. A Najeriya mun san takardar shaidar asali. Yaron da aka haifa a gari, uban ma a nan aka haife shi, sai jami'ar jiha ta caje shi kuɗin wanda ba ɗan jiha ba saboda kakansa daga wani wuri ya zo, kuma babu adadin shekarun da zai wanke shi. A Amurka aƙalla ƙa'idar ita ce zama ke mayar da mutum ɗan gari. Hukuncin Texas ya kai wa wannan ƙa'ida sara. Ya ce akwai wanda zai yi firamare da sakandare a Houston, bai san wani gari ba, amma zamansa ba zama ba ne. Wanda yake ganin abin a kan marasa takardu zai tsaya, ya tuna cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Wasu na cewa a soke bambancin gaba ɗaya kowa ya biya kuɗi ɗaya, wannan mafarki ne, babu majalisar jihar da za ta yi. Abin da ake iya yi bai kai haka wuya ba. A cire gwajin niyya ga ɗaliban babban digiri. Wata 12 na zama da takardar haraji su wadatar. Koyarwa da bincike a kira su aiki tunda aiki ne. Ɗaukaka ƙara ya bar hannun jami'a ya koma wani wuri. Jihohin yamma da na kudu sun riga suna da yarjejeniyoyin rangwame a tsakaninsu ga wasu darussa, babu abin da ya hana a faɗaɗa su. Da Ma'aikatar Shari'a ta damu da ɗalibin wata jiha kamar yadda ta ce, da nan ta sa ƙarfinta.

'Yar ƙanwata ta ɗaukaka ƙara, ta haɗa da takardar asibitin mahaifinta, ta mayar da motar sunanta. Amsar ba ta zo ba sai da wa'adin biyan kuɗin zango ya wuce, don haka ta ci bashi ta biya na baƙo. Da amsar ta zo, cewa aka yi ƙirgen watanninta zai fara ne daga ranar da ta canza takardun motar, wanda ke nufin za ta cancanci zama 'yar jiha wata uku bayan ta karɓi digirinta.