Tarihin garin bakin teku ya fi ƙarfin labarin kyaftin

Kwana biyun nan ina ta fama da wasu littattafai kan tarihin Whitby, wani ɗan gari na bakin teku a arewa maso gabashin Ingila, daidai inda kogin Esk yake faɗawa teku. Wasunsu manya ne masu kauri, wasu kuwa sirara ne, irin waɗanda mutanen gari kan rubuta da hannunsu don kada labarin kakanninsu ya bi iska. Da na gama, sai na ga ashe ƙananan nan ne suka fi shiga raina.

Duk babban littafin da ka buɗe kan Whitby, sunan Kyaftin James Cook, shahararren matuƙin jirgin ruwa na Ingila, za ka fara cin karo da shi, kuma ya cancanta. A 1746 ya zo garin yana saurayi, ya shiga koyon aikin jirgi a hannun wani mai jirage, John Walker. Jiragen da ya fara hawa na dakon kwal ne daga yankin Newcastle zuwa Landan, masu faɗin ciki da shimfiɗaɗɗen ƙasa, marasa ado ko kaɗan. Irin wannan jirgi, ƙirar Whitby ta 1764, shi ne aka sauya wa suna zuwa Endeavour, Cook ya tashi da shi a 1768 har ya kai gaɓar Ostireliya. Da jirgin ya yi karo da duwatsun murjani a 1770, wannan shimfiɗaɗɗen ƙasan ne ya ba su damar jawo shi bakin rairayi su gyara. Gidan Walker yanzu gidan tarihi ne. Haka kuma akwai su William Scoresby, uba da ɗa, da suka shahara wajen farautar ƙatuwar dabbar teku da ake kira whale a ruwan ƙanƙara na kusa da Girinlan.

To amma ku tsaya, jama'a. Gari guda ba ya rayuwa da mutum uku.

Abin da ke ƙona mini rai game da manyan littattafan shi ne, da zarar jirgi ya bar tasha, marubuci sai ya bi shi, ya bar garin a baya kamar babu kowa a ciki. Alhali a gaɓa ne rabin aikin yake. Matan masunta su ne ke fita da sanyin asuba, su bi kan duwatsu idan ruwa ya janye, suna ɓamɓaro ƙananan dodon koɗi na yin koto. Su dawo gida su fasa, su zauna suna saka wa ɗaruruwan ƙugiyoyi koto ɗaya bayan ɗaya, su ɗinke ragar da ta yage, su saƙa wa maza rigunan ulu masu kauri. Idan lokacin kifin herin ya zo, 'yan mata daga Sikotlan kan biyo jiragen gari-gari, suna feɗe kifi suna jera shi da gishiri a ganguna, yatsunsu ɗaure da tsumma saboda kaifin wuƙa da zafin gishiri. Wani mai ɗaukar hoto na garin, Frank Meadow Sutcliffe, ya ɗauki fuskokin irin waɗannan mutane tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma wallahi hoto ɗaya nasa ya fi gaya mini gaskiyar garin fiye da babi guda kan tafiyar Cook.

Labarin da na kasa mantawa shi ne na ranar 9 ga Fabrairu, 1861. Guguwa ta taso, jirage suna ta faɗawa gaɓa, ma'aikatan kwale-kwalen ceto suka yi ta fita suna dawowa da mutane tun safe, har gajiya ta kama su. A fitarsu ta ƙarshe igiyar ruwa ta kifar da kwale-kwalen dab da gaɓa, a gaban idon jama'a. Mutum 12 suka rasu. Ɗaya kaɗai ya tsira, Henry Freeman, saboda shi ne ke sanye da sabuwar rigar ceto ta ɓawon itacen da ba ya nitsewa. A babban littafi wannan layi biyu ne. Ƙaramin littafi kuwa yakan tsaya ya tambaya: su wane ne mutum 12 ɗin nan, a wane lungu suke zaune, matansu da marayunsu yaya suka ƙare? Wannan tambayar ita ce tarihi a wurina.

Na san wani zai ce ai waɗannan ƙananan littattafai ba ƙwararru ne suka rubuta su ba, akwai son gida a ciki, wani lokaci har da kuskure. Gaskiya ne. Na ga inda marubuci ya ɗauki zancen baka ya kafa shi kamar hujja. Amma na kuma ga wanda ya shafe shekaru yana bin rajistar ma'aikatan jirage, da littafin da kyaftin ke rubuta abin da ya faru kullum, da rubutun kan duwatsun maƙabartar cocin St Mary da ke saman tudu, wadda sai ka hau matakala 199 kafin ka isa. Wasu sunayen da ke kan duwatsun nan babu gawa a ƙarƙashinsu, teku ce ta riƙe masu su. Haƙuri irin wannan, sai wanda abin ya dama yake iya yin sa.

Shi ya sa idan na samu littafi kan kowane garin bakin teku yanzu, kafin in fara karatu nakan leƙa jerin sunayen da ke ƙarshensa. In na ga daga kyaftin sai mai jirgi, nakan ajiye shi gefe tukuna. In na ga sunan mai saƙa raga, da yaron da ya shiga jirgi yana ɗan shekara goma sha wani abu, da matar da aka rubuta kusa da sunanta cewa mijinta bai dawo ba, wannan da shi nake kwana.