Minti 33 ba su isa mu yi barci ba

Tun lokacin da aka yi ta hayaniyar dutsen sararin samaniya 2024 YR4 a farkon 2025, har yiwuwar ya faɗo wa duniya a 2032 ta haura kashi 3 cikin ɗari kafin lissafi ya sauko, wata magana ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kowa sai ya ce ai babu abin damuwa, NASA ta riga ta gwada, a tura kumbo ya ture shi kawai. Wannan sakaci ne, kuma masu yaɗa shi ba su tsaya sun duba abin da ya faru a gwajin ba.

Dutsen da DART, kumbon da hukumar sararin samaniyar Amurka NASA ta yi gwajin da shi, ya daka ranar 26 ga Satumba 2022 sunansa Dimorphos, faɗinsa kusan mita 150. Ɗan wata ne, yana kewaya babban dutsen Didymos mai faɗin da ya haura mita 750, tazararsu kuwa ba ta fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba. An zaɓe shi ne saboda wannan zaman tare. Duk sanda ƙaramin ya gifta gaban babban ko ya shige inuwarsa, hasken da na'urorin hangen nesa ke gani daga nan duniya yakan ɗan dusashe, da haka ake ƙirga tsawon zagayen. Kafin karon, awa 11 da minti 55 yake ɗauka. Bayan kumbon ya afka masa da gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa, zagayen ya ragu da kimanin minti 33.

Nasara ce, ban musa ba. Amma saurin tafiyar Dimorphos ya canja ne da abin da bai kai milimita 3 a daƙiƙa ba. Turi irin wannan sai an yi shi shekaru masu yawa kafin ranar haɗari zai yi amfani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kuma abin da masu murna ba sa faɗa. Yawancin turin bai fito daga kumbon kansa ba, ya fito daga tarkacen da suka yi tsalle, fiye da kilo miliyan ɗaya na duwatsu da ƙura, suka tunkuɗa dutsen baya. Hotunan ƙarshe da DART ya aiko sun nuna fuskar Dimorphos cike da manyan duwatsu birjik, tarin tsakuwa ne da ɗan maganaɗisun nauyi ya riƙe. Shi kansa Didymos yana juyawa sau ɗaya cikin awa biyu da kwata, saurin da ya kusa watsa shi, kuma masana da dama na ganin daga abin da ya zubar ne watan nasa ya samu. To, wa ya ce dutse na gaba haka zai kasance? Idan dunƙulallen ƙarfe ne fa? Nauyin Dimorphos ma ƙiyasi ake yi daga girmansa, shi ya sa hukumar sararin samaniyar Turai ta harba kumbon Hera a Oktoban 2024 don ya je ya auna da kyau.

Masu cewa duk wannan ɓarnar kuɗi ce su tambayi mutanen Chelyabinsk a Rasha, inda dutse mai kimanin mita 20 ya fashe a sama a 2013 ya jikkata kusan mutum 1,500, ba wanda ya gan shi tafe.

Nan ne matsalar take. Didymos an gano shi tun 1996, watansa a 2003, an yi shekaru ana nazarinsu kafin a taɓa su. Duwatsun da ke wucewa kusa da duniya masu faɗin mita 140 zuwa sama kuwa, ko rabinsu ba a gano ba. A zuba kuɗi a na'urorin nema, a kuma daina jinkirta su duk sanda kasafi ya matse.