Manaja a cikin hular kwano

A takardar ɗaukar aiki "mataimakin manaja" aka rubuta mini. Kalmomi biyu ne, amma kafin labarin ya tashi daga gidanmu a Tudun Wada ya isa gidan su yarinyar da nake nema, kalma ɗaya ta faɗi a hanya. Ba ni na yar da ita ba. Sai dai da na ga ta faɗi, ban duƙa na ɗauka ba.

Gidan fiza ne a cikin garin Kaduna, ba sai na faɗi layin ba. Wanda bai taɓa aikin ba zai ɗauka ina da kujera mai juyawa. Kujera ɗaya ce a ofishin, ta Oga ce, kuma in zai fita da makullin yake tafiya. In mai kwaɓi bai zo ba, ni ne mai kwaɓi. In kashiya ta tafi salla, ni ne kashiya. In aka ɗauke wuta ni zan ruga in tada janareta kafin cukun da ke firiza ya fara zufa, don a shagon nan babu abin da ya kai mozarela daraja, har da ni. Yaran kicin suna kirana Ƙaramin Oga, amma sai in za a ɗaga buhun fulawa.

Makon farko Oga ya sa muka haddace tarihin abin da muke sayarwa. Asalinta garin Napoli ne a Italiya. Wadda ake kira Margarita kuma, wai sunan wata sarauniyarsu ta ci, da aka yi mata ita a 1889: jan tumatir, farin cuku, koren ganyen ɗoɗɗoya, launin tutar ƙasarsu ke nan. Na kai wa Umma guda ɗaya, na tsaya a kanta na rera mata karatun tas. Ta ɗaga yanki, cukun ya biyo ta kamar danƙo, ta ja, ya ƙara miƙewa. Ta ɗanɗana, ta yi shiru.

"To ita sarauniyar," ta ce, "ba su da ƙuli-ƙuli ne a garinsu? Wannan ai gurasa ce aka bari tsirara. Miƙo mini yaji."

A lokacin na ji haushi. Da na shekara a bakin kanta sai na gane Umma da yawun rabin Kaduna ta yi magana. Yanzu haka akwai robar yaji a ƙarƙashin kantarmu, Oga yana yi kamar bai san da ita ba.

Ranar da abin ya faru farkon watan Maris ne na 2023, an gama zaɓen shugaban ƙasa ana jiran na gwamna, azumi kuma ya kawo jiki. Duk wanda yake ƙasar nan a lokacin ya san halin da ake ciki. An canja takardun 200 da 500 da 1000, sababbin ba a ganinsu, tsofaffin kuma ana gudunsu kamar kuturu. Gwamnanmu na lokacin, Malam Nasir El-Rufai, ya ce a ci gaba da karɓar tsofaffi a Kaduna, har Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya, amma mai kayan miya a kasuwa in ka miƙa masa tsohuwar dubu sai ya dube ka ya dubi sama. Kowa ya koma taransifa, ita kuma taransifar ta koma sai an yi mata addu'a.

Oga ya hau jirgin ƙasa a Rigasa da safe, zai je biki Abuja. Doka biyu ya bar mini: kada a karɓi tsohon kuɗi, kada kwali ya bar hannunmu sai an ga alat. Yaronmu mai kai saƙo kuwa tun asuba ya bi layin ATM. Da la'asar na kira shi, ya ce yanzu dai ya fara hango ƙofar bankin.

Wajen ƙarfe biyar da rabi sai ga waya. Muryar wata yarinya: manyan fiza huɗu, biyu na nama biyu na kaza, a kai Unguwar Rimi. Oda mafi girma da muka samu a ranar. Na dubi yaran kicin, kowa ya sami abin gogewa. Na sa rigar yaron mai sunan kamfani a baya, na ɗaure akwatin a babur, na kifa hular kwanonsa mai baƙin gilashi, wadda ta sha zufar wani bawan Allah shekara biyu ba a taɓa nuna mata ruwa ba.

Kwatancen da aka ba ni shi ne gida mai baƙin get, kusa da masallaci, bayan mai shayi. Wanda ya san Unguwar Rimi ya san an kwatanta mini gida arba'in ke nan. Na bi ta titin Isa Kaita, na shiga layi na fita layi, na ƙwanƙwasa get biyu da ba su ba ne. A na uku maigadi ya buɗe, na tura babur ciki, na yi sallama da ƙarfi irin ta wanda ya gaji.

"Wa alaikumus salam. Ƙaraso, samari."

An shimfiɗa darduma a gindin mangwaro, dattijo yana zaune da carbi da rediyo. Ƙafata ta riga ni gane shi, don ita ta fara rawa. Wan mahaifin yarinyar da nake nema ne. Shi ne babba a gidansu, shi ke ba da aure, in ya ce a'a magana ta ƙare. Sau ɗaya na taɓa zuwa gaishe shi, a babban gidansu na gado, ba a nan ba. Ranar na je da babbar riga ta aro da motar abokina, aka gabatar da ni a matsayin manaja a wani kamfanin abinci irin na Turawa, ni kuma na sunkuyar da kai kamar mai kunya.

Na taɓa gilashin hular na tabbatar a rufe yake. Na shaƙe murya kamar mai mura, na durƙusa na gaishe shi.

Jikoki suka yi caa a kan kwalayen, kafin in ce a dakata an yi cikin gida da su. Doka ta biyu ta karye ke nan. Alhaji ya sa hannu a aljihu ya zaro ɗaurin dubu-dubu, tsofaffi, sun sha hannu har sun yi laushi.

"Ranka ya daɗe, ba ma karɓar tsoho."

"Gwamna ya ce a karɓa."

"Oga ya ce kada a karɓa."

"Ogan naku ya fi kotu ne?"

Ban da amsa. Ya ƙwala wa ɗansa kira ya zo ya yi taransifa. Na ba da lambar akawun ɗin shago. Wayar ta yi ta juya ɗan zoben nan nata, ta juya, ta juya, ta ce a sake gwadawa. Sau uku. Alhaji ya nuna mini gefen darduma.

"Zauna. Cire wannan tukunyar ka sha iska."

"Dokar kamfani ce, ranka ya daɗe. Ba ma cirewa a bakin aiki."

Aka kawo mini ruwan sanyi a kofi. Na riƙe shi a hannu ina kallonsa ta cikin gilashi, zufa na bin wuyana tana gangarawa har cikin takalmi.

Ɗan ya gaji, ya ce bankin shagonmu ne ba ya shiga, ba ni da wani akawun? Ni kuma burina kawai in ga kaina a waje. Na karanto masa lambar tawa ba tare da na yi tunani ba. Na manta cewa kafin kuɗi ya tafi, waya sai ta nuna sunan mai akawun. Yaron nan ya karanta sunana da ƙarfi, har da na mahaifina da na kakana, kamar mai kiran rajista.

Carbin Alhaji ya tsaya.

"Wannan suna na san shi."

Shaiɗan ba ya nisa a irin wannan lokaci. Na ce, "Na manajanmu ne, ranka ya daɗe. Wani lokaci a nasa ake sakawa."

Alhaji ya kashe rediyo. Ya gyara zama ya fuskance ni sosai.

"Alhamdu lillahi. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Yaron nan 'yarmu yake nema, kuma dama muna cikin bincike. Kai da kake ƙarƙashinsa, tsakaninka da Allah, wane irin mutum ne?"

Ban san ko an taɓa saka wani ɗan Adam a irin wannan kwana ba. In na kushe shi na kashe aurena da bakina. In na yabe shi kuma, to, ai dama ce ta zo har gida. Na fara a hankali. Na ce mutum ne mai haƙuri. Alhaji ya gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan shi ya cuce ni. Na ce ba ya wasa da salla. Na ce ba ya shan ko sigari. Na ce duk ma'aikata suna sonsa, in ya yi tafiya shagon ba ya daɗi. Na ce akwai ranar da wata mata ta manta jaka cike da kuɗi ya bi ta da ita har Kawo, alhali abin da aka manta lema ce, kuma har yau tana ɗakina.

"Masha Allah. Hannunsa fa? A buɗe yake?"

"Kyauta kamar ruwan Agusta, ranka ya daɗe."

"To ya aka yi ya bar ka da wannan takalmin?"

Na janye ƙafata ƙarƙashin darduma.

"Shi ne babba a wurin, ko akwai wani a samansa?"

Na yi tari mai tsawo. Na ce akwai wani dai da yake ɗan leƙowa lokaci-lokaci.

"Motar nan da ya zo da ita, tasa ce?"

Ban kai ga amsawa ba ladan ya ɗaga murya a masallacin ƙofar gida. Na ji daɗi kamar an sauke mini dutse, na ce ga hanyar tsira. Na miƙe ina cewa bari in koma, in kuɗin ya shiga ma ji. Maigadi ya riga ya ja get ya tafi alwala. Alhaji ya tura mini buta da ƙafa.

"Ina za ka ana kiran magariba? Na ji sallamarka, Musulmi ne kai. Yi alwala mu je."

Na tsuguna da buta a gindin mangwaro. Na wanke hannu sau uku, a hankali, kamar mai wanke zinariya. Na binciko duk karatun da na yi a Islamiyya. Akwai shafa a kan huffi, akwai shafa a kan ɗaurin karaya. Ban tuna babin da aka yi maganar hular kwano ba. Na ɗaga kai, Alhaji yana tsaye da dardumarsa a kafaɗa yana jirana.

"Ko dokar kamfanin har da sujada?"

Na cire.

Iska ta bugi fuskata, wari ya bugi nasa hancin. Ɗan ya saki baki. Wata daga cikin 'yan matan gidan da ta leƙo da yankin fiza a hannu ta koma ciki da gudu, na ji an kwashe da shewa, na san kafin in idar da alwala labari ya isa inda nake tsoro. Alhaji kuwa ko girarsa ba ta motsa ba.

"Sannu da zuwa, Manaja. Yi sauri, za a tayar."

Sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗata a jikin tasa. Ban taɓa fatan liman ya ja doguwar sura a magariba ba sai ranar. Ya karanta gajeru ya sallame.

A hanyar dawowa Alhaji ya riƙe hannuna kamar ɗansa. Ya ce tun sallamar farko ya gane muryar, kafin murar ta kama ni. Ya ce mun ji shaidar da yaronka ya yi maka, sai dai shaidar mutum ɗaya ba ta isa ba, zai aika a tambayi wancan da yake ɗan leƙowa lokaci-lokaci. Sannan ya sake tambayata maganar mota. Na ce ta abokina ce. Rigar fa? Na ce ta yayana ce. Ya ce hular? Na ce hular tawa ce. Ya ce to madalla, an samu abin farawa.

Ɗan ya nuna mini wayarsa: an cire kuɗin daga wajensu. Ni ban ga komai ba. Na jira daren, na jira washegari, shiru. Oga ya dawo daga Abuja, ya saurari labarin yana riƙe ciki don dariya, ya share hawaye, sannan ya zare kuɗin fiza huɗu daga albashina. Wa zai je ya tsaya gaban surukinsa ya ce ranka ya daɗe, ina binka kuɗin gurasa? Na haɗiye.

Ita kuwa mutuniyar kwana uku ba ta ɗaga wayata ba. Da ta ɗaga, abin da ta fara tambaya shi ne lemar matar nan wane launi ce.

Bayan babbar salla aka ɗaura. Ana gama fatiha, ana ta musabaha, Alhaji ya jawo ni gefe ya rage murya.

"Af, Manaja, na manta ban gaya maka ba. Kuɗin nan na ranar, bayan mako biyu banki ya dawo mini da su."

Na ce Alhamdu lillahi, na gyara tsayuwa, har na ɗan buɗe tafin hannu a cikin riga.

"Na sa su a cikin gaisuwar iyaye," ya ce. "Allah ya yi albarka. Ranar Juma'a jikoki za su zo, a kawo huɗu. Kai za ka kawo da kanka, a haɗo da yaji."